Gilashin da ke koya wa yaro tsallaka titi tun bai fita ƙofar gida ba

A arewa maso gabashin Ingila akwai wani ɗaki da ake kira Blue Room, wato shuɗin ɗaki. Ana haska hotuna masu motsi a bangonsa ta kowane ɓangare, har wanda ke ciki ya ji kamar yana tsaye a tashar mota, ko cikin kanti, ko gaban kare. Masana na Jami'ar Newcastle ne suka tsara shi tare da wani kamfanin fasaha, domin yara masu lalurar otizim, wadda wasu kafafen labarai ke kira galahanga. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna fama da matsanancin tsoron wani abu guda: kare, duhu, balan-balan, shiga bas, ko shiga ɗakin da mutane suka cika. Tsoron kan kai matsayin da zai hana yaro zuwa makaranta, ya kuma ɗaure iyayensa a gida.

Yaron ba ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam na zaune kusa da shi, riƙe da ƙaramar kwamfutar hannu, shi ke sarrafa abin da ake gani. Idan kare ne abin tsoron, sai a fara nuna shi can nesa, shiru. In yaron ya natsu, a matso da shi kaɗan. In ya firgita, a mayar da shi baya, a yi atisayen numfashi, a sake. Iyaye kuma suna kallo daga wani ɗaki.

A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi da yara 32 'yan shekara 8 zuwa 14, kowanne ya yi zama huɗu. Bayan wata shida, kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin sun samu sauƙin tsoronsu a rayuwar yau da kullum. Wato fiye da rabi ba su samu wani canji na a zo a gani ba, kuma yara 32 ba su da yawa. Duk da haka, ni da nake koyarwa a wata makarantar firamare cikin zango a Kumasi, wannan adadi ya tsaya mini a rai. Na san gidajen da tsoron aski ko ƙarar tashar mota ya mayar da yaro fursuna, kuma na san yadda uwa za ta ji in aka ce mata akwai dama, ko da rabi ce.

Mene ne wannan fasaha?

Turawa na kiranta VR a taƙaice. Da Hausa za mu iya cewa duniyar kwaikwayo: wuri ne da kwamfuta ta ƙirƙira ko kyamara ta ɗauka, wanda mutum ke gani kewaye da shi kamar yana ciki. Shuɗin ɗakin da na ambata nau'i ɗaya ne, mai tsada. Nau'in da aka fi sani shi ne gilashin da ake ɗaurawa a fuska. A cikinsa akwai allo da madubai biyu, kowane ido na ganin hoton da ya ɗan sha bamban da na ɗan'uwansa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi da nisa. Akwai kuma na'urorin da ke gane motsin kai. Ka juya hagu, hoton ya juya da kai. Ka ɗaga kai, ka ga sama.

Mutane da yawa sun ɗauke shi kayan wasa ne, kuma gaskiya yawancin masu sayensa don wasa suke saye. Abin da ya jawo hankalin malaman yara masu buƙata ta musamman abu uku ne. Ana iya maimaita darasi sau ashirin ba tare da ya canza ba. Ana iya rage hayaniya ko ƙara ta daidai ƙarfin yaro. Sannan in yaro ya yi kuskure, babu motar da za ta buge shi, babu mai yi masa dariya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1996 wata mai bincike a Amurka, Dorothy Strickland, ta wallafa gwajin da ita da abokan aikinta suka yi da yara biyu masu otizim. Sun sa musu hular kwamfuta mai nauyi irin ta wancan zamani, aka nuna musu titi da motoci suna wucewa, a matsayin matakin farko na koyon tsallaka hanya. Yaran sun yarda sun sa hular, sun kuma bi motocin da ido. Yara biyu ne kacal, amma ƙofa ta buɗe.

Bayan shekara ashirin, a 2016, wasu ma'aurata a Amurka, Vijay Ravindran da Vibha Sazawal, waɗanda ɗansu ke da otizim, suka kafa kamfanin Floreo. Tsarinsu ya burge ni saboda dalili ɗaya: na'ura biyu ake amfani da su. Yaro na sanye da gilashi, malami ko uwa na riƙe da kwamfutar hannu tana ganin duk abin da yaron ke gani, ita ke danna mataki na gaba, ita ke yabawa, ita ke tsayarwa. Darussan sun haɗa da kallon inda wani ya nuna da yatsa, gaisawa, tsallaka titi, da kuma yadda ake magana da ɗan sanda.

Wannan darasi na ƙarshe an yi bincike a kansa tare da asibitin yara na birnin Filadelfiya. Ku duba hikimar da ke ciki. Matashi mai otizim na iya ƙin kallon idon mai yi masa tambaya, ko ya yi shiru, ko ya ruga da gudu in an daka masa tsawa. Ɗan sandan da bai san lalurar ba zai ɗauka rashin gaskiya ne. Mu mazauna zango ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan yadda ƙaramar rashin fahimta tsakanin matashi da jami'in tsaro kan zama babbar magana. Idan yaro ya saba amsa “Ina sunanka? Ina za ka?” sau talatin a cikin aji, ranar da abin ya zo da gaske ba zai zame masa baƙo ba.

To a nan amfanin fasahar yake. Filin atisaye ce. Kuma atisaye sai da mai horarwa.

Abin da na gani da kwali da waya

A kwalejin horar da malamai an koya mana darasin ilimin yara masu buƙata ta musamman, kuma kalmar da malaminmu ya fi nanatawa ita ce a gutsuttsura aiki: a raba shi ƙanana-ƙanana, a bi ɗaya bayan ɗaya. Da wannan tunani na gwada nau'in da ya fi kowanne araha, wato akwatin kwali mai madubai biyu da ake zura waya a ciki, irin wanda Google ya fito da shi a 2014 da sunan Cardboard. Na sauke bidiyoyi masu kewaye, waɗanda ake iya kallon ko'ina a cikinsu, na je da su aji.

Yawancin yara murna suka yi ta yi, har da masu miƙa hannu za su taɓa kifi. Wata yarinya ta cire bayan minti ɗaya ta ce jiri take ji. Amma wanda na fi sa wa ido wani yaro ne da ba ya son a taɓa masa kai, ba ya jure hayaniya, in an kaɗa ƙararrawar tashi sai ya toshe kunne ya duƙa. Kwana uku akwatin na kan teburinsa yana jujjuya shi kawai. Ban matsa masa ba. A rana ta huɗu ya kara a idonsa da kansa, ya riƙe da hannu, babu igiya. Muka fara da bidiyon bakin teku, sauti a kashe. Daga baya na kawo na kasuwa, ina ƙara sautin kaɗan-kaɗan, ina zaune gefensa ina tambayarsa me ya gani. Duk lokacin da ya gaji, sai ya sauke. Wannan ikon saukewa shi ne abin da kasuwar gaske ba ta ba shi.

Mahaifiyarsa ta zo ta same ni bayan an tashi. Ta ce, “Ticha, na gani a Facebook wai akwai gilashin da ke warkar da irin ciwon yaron nan. Shi ne wannan? Nawa ake sayarwa? Ko adashi ne sai in ɗauka.”

Na ce, “Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ba magani ba ne. Allo ne, kamar allon makaranta, sai da malami yake aiki. Abin da muke yi da shi a nan, sai kin ɗora a gida: ki fita da shi bakin titi da sassafe kafin a cika, ki riƙe hannunsa, ku tsaya minti biyar ku dawo.”

Na kawo wannan zance ne domin iyayen irin waɗannan yara sun sha yawo wurin masu magani iri-iri, sun kashe abin da ba su da shi. Kada mu bari a ƙara musu wani sabon mai cin kuɗi da sunan fasaha. Ko Floreo ɗin da na yaba, abin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba shi a 2023 shi ne gurbi cikin na'urorin da ake gaggauta duba su. Wannan daban yake da a ce an tabbatar yana warkarwa. Babbar tambayar da masu bincike ke ta bi har yanzu ita ce ko abin da yaro ya iya a cikin gilashi zai bi shi zuwa waje. Yakan bi shi, amma sai an raka shi.

Kowace lalura da nata lissafi

Kalmar “nakasa” jaka ce da muke zuba abubuwa daban-daban a ciki, alhali buƙatunsu ba ɗaya ba ne.

Ɗauki yaron da ke kan keken guragu. Makarantunmu kan kai yara yawon buɗe ido gandun dajin Kakum, inda ake hawa gadar igiya mai tsawon kusan mita 350 a saman bishiyoyi. Kafin ma a kai ga gadar sai an hau tudu da ƙafa. Wannan yaro ba zai hau ba. Bidiyo mai kewaye zai ba shi damar leƙa ƙasa daga can sama, in an dawo aji ana hira shi ma ya sa baki, ya rubuta nasa insha'in. Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya: kada gilashin ya zama hujjar barin sa a gida ranar tafiya. A tafi da shi, ya shiga mota da abokansa, ya ci abinci tare da su, ya ga abin da zai iya gani da idonsa. Inda keke ya tsaya, nan gilashi ya karɓa.

Kurma kuwa, idonsa shi ne kunnensa. Da zarar ka rufe masa fuska da gilashi, ka raba shi da hannun malaminsa da leɓen abokinsa. Don haka dole a gama duk bayani da maganar hannu kafin ya sa, a kuma yi yarjejeniya da shi, misali taɓa kafaɗa sau biyu na nufin ya cire. Darasin da aka gina kan murya kawai, babu rubutu babu alama, ba shi da amfani gare shi.

Ga masu raunin gani, masu bincike na Microsoft sun fitar da wasu dabaru 14 a 2019 da suka kira SeeingVR: ƙara girman abu, ƙara haske, fito da gefen abubuwa, karanta rubutu da murya, da makamantansu. Wannan na taimakon mai gani dishi-dishi. Yaron da ba ya gani sam, irin ɗaliban makarantun makafi na Akropong da Wa, ya fi buƙatar takardun rubutun makafi, da sanda, da wanda zai koya masa hanya.

Akwai kuma haɗari na jiki. Jirin da yarinyar nan ta ji sananne ne: ido na faɗa wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne na cewa ana zaune, sai tashin zuciya ya biyo baya. Yaron da ke da farfaɗiya, kada a sa masa sai likita ya yarda, domin walƙiyar haske na iya tayar wa wasu da ciwon. Kamfanin Meta ma, mai gilashin Quest, shekara 13 ya sa a matsayin mafi ƙanƙanta, sai a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa kulawar iyaye. Zama ya zama gajere, yaro na zaune, babba na kusa. A kuma riƙa goge gilashin tsakanin yaro da yaro, mun san yadda ciwon ido na afolo ke zagaye aji cikin mako guda.

Fasahar na iya yin aiki ta ɗaya ɓangaren ma. A 2016 babbar ƙungiyar masu otizim ta Birtaniya ta fitar da wani bidiyon gilashi da ke sa mai kallo ya ji yadda katafaren kanti yake ga yaro mai wannan lalura: fitilu na huda ido, kowace ƙara ta ninka. Da za a sa wa malamanmu irin wannan na minti biyu, na tabbata bulalar da ake yi wa wasu yara da sunan taurin kai za ta ragu.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ga inda gizo ke saƙar. Kusan duk darussan da ke akwai an yi su ne a Amurka da Turai, da Turanci, da titunansu. A Ingila motoci na bin hannun hagu, don haka ana koya wa yaro ya fara duban dama. Mu a Ghana tun 1974 muka koma hannun dama, motar da ta fi kusa da kai daga hagu take zuwa. Ka ɗauko darasin Landan ka ba yaron da ke haddace abu daidai yadda aka nuna masa, wallahi ka koya masa abin da zai jefa shi cikin haɗari.

Ko darasin Amurka, inda hannun tuƙi ya zo ɗaya da namu, titinsu na da fitila mai aiki da direban da ke tsayawa a layin masu ƙafa. Yaron Aboabo ko Nima kuwa, abin da zai tsallaka ya haɗa da trotro da ke tsayawa inda ta ga dama, da pragya, da aboboya, da babur mai tahowa ta hannun da ba nasa ba, ga buɗaɗɗiyar kwata a gefe. Atisayen da bai yi kama da filin wasa ba, wahala ce kawai.

Maganin wannan yana hannunmu. Kyamarar da ke ɗaukar ko'ina a lokaci guda ba ta fi tafin hannu ba, kuma YouTube na karɓar irin wannan bidiyo tun 2015. Zangonmu cike yake da samari masu ɗaukar bikin aure da suna, sun iya kyamara, sun iya tacewa. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki mashigar makaranta da safe, shagon mai aski, layin karɓar kati a asibiti, tashar Kejetia, kowanne a mataki uku: lokacin da babu kowa, lokacin da aka fara taruwa, lokacin da aka cika. A sa murya da Hausa da Twi, domin yaro ya ji “tsaya”, “duba hagu”, da harshen da uwarsa ke yi masa magana. A nemi izinin mutanen da za su fito a ciki, kada kuma a ɗora fuskar yaran da ake taimaka wa a intanet.

Kuɗi, da abin da ya kamata ya riga

Gilashin Quest 2 ya fito a 2020 a kan dala 299, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Batirinsa awa biyu zuwa uku yake yi, ga mu da ɗauke wuta. Kamfanoni kuma ba su da alkawari: Google ya fito da manhajar Expeditions a 2015 don yawon buɗe ido daga cikin aji, makarantu suka sayi kaya saboda ita, a 2021 ya rufe ta. Duk shugaban makarantar da wata ƙungiya ta kawo wa kyautar irin wannan kaya, ya tambaya: wa zai horar da malamai, wa zai gyara in ya lalace, kuma zai yi aiki babu intanet? In ba amsa, ƙarshensa kabad ɗin ofis, tare da kwamfutocin da suka riga shi.

Sannan mu tuna inda muke. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara 5 zuwa sama suna da wata lalura da ke wahalar musu da harkokin yau da kullum. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, wato doka mai lamba 715, ta ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara mashigarsu, wa'adin ya cika tun 2016. A 2015 aka fito da manufar karatu tare, wadda ta ce a karɓi waɗannan yara a makarantun unguwarsu. Ku zagaya ku ƙirga makarantu nawa ke da gangaren keke da ban-ɗakin da gurgu zai iya shiga. Makarantu na musamman irin su Dzorwulu a Accra, Garden City a nan Kumasi da Yumba a Tamale ba za su iya ɗaukar kowa ba. Yaron da har yau ake ɓoyewa a ɗaki don kunyar idon maƙwabta, kujera a aji yake fara buƙata. Idan kuɗin kwamitin iyaye da malamai na abu ɗaya ne kawai, a zuba siminti a yi gangare.

Amma fara gwajin nan bai kai kuɗin buhun siminti da yawa ba. Waya ɗaya mai gane motsi, akwatin kwali ko na roba, bidiyo huɗu ko biyar na unguwarmu, da malami ɗaya da zai riƙa rubuta abin da ya gani: me yaro ya iya a makon farko, me ya iya a na shida, kuma ya iya shi a bakin titi na gaske ko kuwa. Ina kira ga sashen ilimin musamman na Jami'ar Ilimi ta Winneba da kwalejojin horar da malamai su sa hannu a tsara darussan, ga sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su ɗauki nauyin kyamara, ga iyaye kuma su fito da yaran su kawo mana su. Malaman da ke son mu haɗa kai a ɗauki bidiyon farko, mu fara da mashigar makarantunmu a wannan zangon karatu.